Gani Ya Kori Ji: Koyar Da Yara Lissafi Da Abin Da Hannu Zai Taɓa

  Yau za mu tattauna ne a kan fannin nan da yawancinmu da mun ji sunansa sai gabanmu ya faɗi, wato lissafi, da yadda za mu koyar da shi a azuzuwanmu waɗanda ba su da komai sai allo da alli, wani lokacin ma allin sai malama ta sa hannu a jakarta ta saya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu wani abu ne da ya faru da ni. A Islamiyyar da nake koyarwa muna haɗa karatun addini da na boko, kuma ni ce ke ɗaukar 'yan aji uku lissafi. Wata rana bayan an tashi sai ga mahaifiyar wata ɗalibata, yarinya 'yar kimanin shekara tara. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, na zo ne mu yi magana a kan 'yar taki. Ni dai na ga kanta ba ya ja. Zango biyu ke nan sifili take kawo mini a lissafi. Gara ta zauna ta taya ni sana'a, in ya so ta riƙa zuwa hadda da yamma."

Na ce, "Yaya, to wa ke yi miki lissafin cinikin awara?"

Ta ce, "Ita mana. Ai ko naira biyar ba ta taɓa ɓatar mini ba."

Sai na kira yarinyar na ce, "'Yata, idan na sayi awara bakwai ta hamsin-hamsin, na ba ki dubu ɗaya, nawa ne canjina?" Kafin in rufe baki ta ce, "Ɗari shida da hamsin, Malama." Na ɗauki alli na rubuta mata 52 − 27 a allo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rubuta 35.

Wallahi ranar kunya ta kama ni. Yarinyar da ta ninka hamsin sau bakwai ta cire daga dubu a cikin kanta, ita ce ni na yi zango biyu ina jan mata jan biro. Na roƙi uwar ta ba ni zango ɗaya kacal, ta amince da ƙyar. Abin da na koya a wannan zangon shi ne zan raba da ku yau.

INA MATSALAR TAKE?

Mu duba amsar da yarinyar ta bayar, domin ba a banza ta rubuta 35 ba. Ta kalli 2 da 7, ta ga ba za a cire bakwai daga biyu ba, sai ta juya su ta cire 2 daga 7 ta samu 5. Sannan ta cire 2 daga 5 ta samu 3. Wato a wurinta 52 alamomi ne guda biyu da aka jera kusa da juna, 5 da 2, ba ta san cewa 5 ɗin nan tana nufin hamsin ba. A wurin talla kuɗi ne a hannunta, tana ganin ɗari biyar tana ganin hamsin, ta san wace ce babba. A aji kuwa mun ɗauke mata abin gani da taɓawa, mun bar ta da zane a allo da ƙa'idar da za ta haddace: "a aro ɗaya." A aro daga ina? Me ya sa ɗayan da aka aro ya koma goma? Ba mu taɓa nuna mata ba, domin mu ma haka aka koya mana.

Hadda tana da wurinta, mu 'yan Islamiyya mun fi kowa sanin darajarta. Amma lissafi idan aka haddace shi ba tare da fahimta ba, da an sauya wa yaro tambaya kaɗan sai ya ruɗe. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da kan lissafi, kuma wannan tabon yakan bi mutum har girma. Mu tuna, duk yarinyar da muke fata ta zama likita, ko ma'aikaciyar jinya, ko ungozoma, ko mai haɗa magunguna, sai ta ci lissafi da kyau a jarrabawar kammala sakandare kafin a ɗauke ta. Kullum muna kukan ƙarancin mata a asibitocinmu, alhali tun daga aji uku muke zubar da su.

ME MASANA SUKA GANO?

Abin da na gani a wurin ɗalibata ba sabon abu ba ne. A shekarar 1985 wasu masana suka wallafa binciken da suka yi a kan yara 'yan talla a birnin Recife na ƙasar Barazil. Sun riƙa sayen kaya a wurinsu suna yi musu tambayoyin ciniki, yaran suka amsa kusan dukkansu daidai. Da aka rubuta musu irin waɗannan tambayoyin da lambobi zalla a takarda, ko rabi ba su ci ba. A 2025 ma an wallafa wani bincike makamancinsa a kan yaran da ke aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. An samu 'yan kasuwar sun ƙware a lissafin ciniki amma suna faɗuwa a na takarda, su kuma 'yan makarantar da ba sa ciniki suna iya na takarda amma suna kasa na kasuwa. Kin ga ke nan akwai rami tsakanin biyun, kuma aikin malama shi ne ta gina gada.

Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a 1966 cewa yaro yana kama sabon abu ta matakai uku. Na farko ya yi shi da hannunsa. Na biyu ya gan shi a hoto ko zane. Na uku ya rubuta shi da alama, kamar lambobi. Ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta a kan wannan tsari tun shekarun 1980, kuma yaranta suna cikin waɗanda ke kan gaba a jarrabawoyin lissafi na duniya. Mu kuwa mukan tsallake matakin farko da na biyu mu dire a na uku, kamar a ce jariri ya tashi da gudu bai yi rarrafe ba.

Kada wata ta ce ai wannan sai ƙasashen masu kuɗi. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ake sa wa makarantun masu hannu da shuni sunanta, makarantarta ta farko a 1907 ta buɗe ta ne a wata unguwar talakawa a birnin Rum. A Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta fito da tsarin koyar da yaro daidai da matakin da yake, inda manyan kayan lissafinsu su ne tsinkaye da ake ɗaurewa goma-goma da kuɗin wasa na takarda. An gwada wannan tsari a jihar Borno a 2018, daga baya aka kai shi wasu jihohin, har da Kano.

Mu ma da namu a gida. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri tsibi-tsibi suke ƙirga shi: wuri ashirin shi ne hauya, dubu ashirin kuma keso. Dara da maza ke yi a gindin bishiya da 'yar carabke ta 'yan mata duk ƙirga ce da hannu.

HALIN DA AZUZUWANMU KE CIKI

Kundin manufar ilimi ta ƙasa bugun 2004 ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowace malama da ke karanta wannan ta san yawan da ke gabanta. Ni nawa sun haura saba'in. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko, amma babban kaso daga ciki ba a sakar wa jiha sai ta kawo nata daidai da shi, kuma shekara da shekaru ana kukan jihohi da dama ba sa kawowa. Islamiyyun unguwa kuwa yawancinsu da ɗan kuɗin wata da iyaye ke biya suke tafiya, wanda albashin malamai ma da ƙyar yake fitowa.

Haƙƙin yaranmu ne hukuma ta samar musu da kayan koyo, kuma bai kamata mu daina tambaya ba. Sai dai yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya jiran kasafin kuɗi ba, baɗi yana aji huɗu da raminsa. Saboda haka muna neman haƙƙi, muna kuma yin abin da za mu iya da abin da ke hannunmu.

KAYAN DA ZA MU TARA

Ga abubuwan da na tara, kuma in ban da robar ɗauri babu wanda na saya:

1. Tsinken tsintsiya ko sillen kara, a yanka tsawon ɗan yatsa biyu, a goge tsinin.
2. Robar ɗaure kuɗi, ko zare, ko yankin tsohon ƙyalle.
3. Murafun robar lemo da na ruwa, a wanke da sabulu a shanya.
4. Ƙwallon dabino ko 'ya'yan tsamiya.
5. Kiret ɗin ƙwai na kwali, mai gurbi 30.
6. Kwalin taliya ko na sabulu, domin yanka katin lambobi daga 0 zuwa 9 da kuɗin wasa.
7. Gwangwanayen madara da na tumatir, a daddake bakinsu kada su yanki yaro.
8. Mudu, da robobin ruwa na rabin lita da na lita ɗaya, da igiya, da tsohon tef ɗin tela.
9. Tsofaffin takardun jarrabawa domin naɗewa.

DARASI NA ƊAYA: GOMOMI DA ƊAIƊAI

Wannan shi ne tushe, idan ya zauna sauran masu sauƙi ne. Ki zuba wa yara tsinkaye masu yawa ki ce su ƙirga. Za su fara ɗaya-ɗaya, su ɓata, su sake. Sai ki kawo doka guda: duk lokacin da tsinke ya kai goma, a ɗaure shi ya zama dami. Ki ja layi a ƙasa ko a kan benci, damai a hagu, ɗaiɗai a dama. Idan yaro ya samu dami 5 da tsinke 2, ya sa katin 5 a ƙarƙashin damai, katin 2 a ƙarƙashin ɗaiɗai. Ga 52 ta fito da ma'anarta.

Sai ki tambaye su: tsakanin 25 da 52 wanne ya fi yawa? Su gina kowanne su gani da idonsu. Ki ce su gina 40, su lura gefen ɗaiɗai babu komai, to aikin sifili ke nan, tana tsare wa ɗaiɗai gurbinsu. Idan damai suka kai goma, a haɗa su a ɗaure babban dami, shi ne ɗari. Kada ki yi gaggawa a nan, ko mako biyu kika yi ba ki yi asara ba.

DARASI NA BIYU: TARAWA DA "RIƘE ƊAYA"

Mu ɗauki 38 + 45. Yaron da bai gane gurbi ba yakan rubuta 713, domin ya tara 8 da 5 ya rubuta 13, ya tara 3 da 4 ya rubuta 7. Da tsinkaye kuwa, zai ajiye dami 3 da tsinke 8, a ƙasa dami 4 da tsinke 5. Ya haɗa ɗaiɗai, sun zama 13. Me dokarmu ta ce? Goma ta cika, a ɗaure. Sabon dami ya ƙaura gefen damai, tsinke 3 suka rage. Damai yanzu 3 da 4 da sabon 1, sun zama 8. Amsa 83. Sai ki nuna musu a allo cewa ɗan ƙaramin 1 da muke rubutawa a sama muna cewa "mu riƙe ɗaya", wannan sabon damin ne da suka ɗaure da hannunsu.

DARASI NA UKU: ƊEBEWA DA "ARO"

Yanzu mu koma ga 52 − 27. Na sa ɗalibata ta gina 52, dami 5 da tsinke 2. Na ce, "Ba ni tsinke bakwai." Ta ce, "Malama, biyu ne kawai." Na ce, "To in mai saye ya zo ba ki da canji, yaya kike yi?" Ta ce, "Sai in fasa babbar takarda." Ba ta ƙarasa ba ta kai hannu ta kwance dami ɗaya. Damai suka koma 4, ɗaiɗai suka zama 12. Ta cire 7 saura 5, ta cire dami 2 saura 2. Ta ɗago ta ce, "Ashirin da biyar! Au, dama canji ne?"

Tun daga ranar na rage cewa "aro", na koma cewa "mu kwance dami" ko "mu yi canji", domin abin da aka ara ana mayarwa, wannan kuwa ba a mayar da shi. Idan lambobi suka girma, ki koma ga kuɗin wasa, amma ki yanka na 1 da 10 da 100 da 1,000 kawai, domin su ne suka dace da gurbin lambobi.

DARASI NA HUƊU: SAU DA RABAWA

Kafin yara su fara rera jadawalin sau, su fara ganin sa. Kiret ɗin ƙwai layi 5 ne, kowane layi gurbi 6. Su cika shi da ƙwallon dabino su ƙirga, 30. Ki juya kiret ɗin, ya koma layi 6 mai gurbi biyar-biyar, har yanzu 30. Sun gano da kansu cewa 5 × 6 daidai yake da 6 × 5, kin ga kusan rabin haddar ya sauka daga kansu.

Idan 7 × 8 ta gagara, su jera murafu layi 7, kowanne takwas-takwas, sai a sa tsinke a raba kowane layi gida biyu, biyar da uku. Bakwai sau biyar 35, bakwai sau uku 21, a haɗa 56. Yaron da ya san wannan dabara ko ya manta hadda zai nemo amsa.

Rabawa kuma, ki ba su ƙwallo 17 da gwangwani 5, su raba daidai wa daida. Kowane gwangwani zai samu 3, biyu su rage a hannu. Ga ma'anar "saura 2" ba tare da dogon bayani ba.

DARASI NA BIYAR: RABI, RUBU'I DA SUMUNI

Tambayi yara, har da manya: tsakanin 1/4 da 1/8 wanne ya fi girma? Da yawa za su ce 1/8, tunda takwas ta fi huɗu. Ki ba kowa takarda. Naɗi ɗaya ya ba da gida biyu, kowanne rabi. Naɗi na biyu gida huɗu, kowanne rubu'i. Naɗi na uku gida takwas, kowanne sumuni. Su yaga rubu'i ɗaya da sumuni ɗaya su ɗora wannan a kan wancan. Za su ga sumuni rabin rubu'i ne, kuma duk yadda masu rabo suka ƙaru, kason kowa raguwa yake.

A nan ne lissafi ya haɗu da darasinmu na fiƙihu. Kasonnin gado da suka zo a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Ga manyan ɗalibai, ki ƙirga ƙwallon dabino 24 a matsayin dukiyar mamacin da ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji guda. Sumunin matar: a kasa 24 gida takwas, ta ɗauki gida ɗaya, ƙwallo 3. Sudusin uwa: a kasa 24 gida shida, ƙwallo 4. Uba ma sudusi, 4. An fitar da 11, ragowar 13 na ɗan ne. Sai ki tambaye su me ya sa muka zaɓi 24, su gwada da 20 su ga ba ta kasuwa gida takwas ko shida ba tare da saura ba. Wannan misali ne na koyon kaso. Rabon gado na gaske yana da sharuɗɗa, kamar fitar da bashi da wasiyya, kuma aikin malamai ne da alƙalai. Haka zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in: su jera murafu arba'in-arba'in, su ware ɗaya daga kowane tsibi. Ba mamaki da malamin nan na Bagadaza, Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara wajen shekara ta 820 miladiyya, ya ba da babban sashe na littafin ga matsalolin wasiyya da gado.

DARASI NA SHIDA: AWO

Ki kawo mudu da gwangwani da yashi mai tsabta. Kafin a auna, kowa ya yi hasashen gwangwani nawa zai cika mudun, a rubuta a allo, sannan a auna a ga wa ya fi kusa. A zuba ruwan robar rabin lita sau biyu a ta lita ɗaya. A auna igiya mita ɗaya da tef ɗin tela, a ƙulla ta a kowace santimita 10, yara su auna ƙofa da benci da tsawon junansu. Ki sa yaro babba da ƙarami su auna faɗin aji da tafin ƙafarsu. Idan amsoshinsu suka bambanta, sun gane dalilin da ya sa duniya ta yarda da ma'auni guda.

YAYA ZA A YI DA AJI MAI YARA TAMANIN?

Na san wannan ce tambayar da ke ran kowace malama. Ki kasa su rukuni goma, takwas-takwas, su zauna da'ira a kan tabarma ko a inuwar bishiya. Kowane rukuni da jakarsa: tsinke 120, murafu 60, roba 15, katin lambobi jeri biyu. Jimla tsinke 1,200 da murafu 600. Idan kowane yaro ya kawo tsinke 15 da murafu 8, an gama har da ƙari. Kowane rukuni ya samu shugaba mai karɓo jaka, kuma a riƙa sauya shugabancin, mata ma su riƙe. Minti biyar na ƙarshe na ƙirga kaya ne da mayarwa, wanda shi ma lissafi ne. Ranar farko za a yi hayaniya, kada ki karaya. Ki bar su minti kaɗan su yi wasa da kayan, marmarin ya fita, sannan a shiga aiki.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na farko, kayan nan ba su ne ke koyarwa ba, malama ce. A 2013 wasu masana a Amurka sun tattara bincike 55 a kan amfani da irin waɗannan kaya, suka samu cewa suna taimakawa, amma gwargwadon taimakon ya danganta da yadda aka yi amfani da su, musamman jagorancin malami. Saboda haka duk abin da yaro ya yi da hannu, ya faɗe shi da baki, ya zana shi, sannan ya rubuta shi da lambobi, duk a zama ɗaya.

Na biyu, a san lokacin yaye. Idan yaro ya gane, ya koma zane, dogon layi dami, ɗigo kuma ɗaya. Daga nan ya koma lambobi zalla, domin ba za a bar shi ya shiga ɗakin jarrabawa da tsinke ba.

Na uku, kada a mai da kayan na "daƙiƙai" kawai. Idan masu rauni kaɗai ake ba, za su ji kunyar taɓawa. Kowa ya yi amfani da su.

Na huɗu, lafiya. Kada a ba 'yan rainon da ke kai komai baki 'ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino, suna iya shaƙewa ko su cusa a hanci. A guji murafun ƙarfe masu tsatsa. Kuma kada a tura yara bola neman kaya, su kawo na gida.

NAMU AIKIN, IYAYE DA ƘUNGIYA

Uwa, ko ba ki taɓa shiga aji ba, ke ce malamar lissafi ta farko. In za ki auna shinkafa, ɗanki ya ƙirga gwangwani. In kina suyar waina, ki tambaye shi: tandar nan gurbinta nawa, in na juye sau biyar waina nawa ke nan? In ya dawo aike, shi zai faɗi canji kafin ki karɓa. Kuma don Allah mu daina cewa a gabansu, "Ni ma ban iya lissafi ba, gado ne." Ba gado ba ne, kuma matar da ke riƙe da adashin mutum ashirin ba ta taɓa ruɗewa ba, ta iya lissafi.

A matakin reshe kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane reshe zai iya ɗaukar makaranta ɗaya a unguwarsa. A ajiye buhu a wurin ta'alim ana zuba murafu da kwali. Bayan biki ko suna, murafun lemon da ake sharewa sun ishi aji guda. Teloli daga cikinmu su ɗinka jakunkuna da ragowar yadi. A ware yini ɗaya a zauna da malaman makarantar a yanka, a ɗaure, a gwada darussan nan tare. Waɗanda ke cikin kwamitin iyaye da malamai ko kwamitin gudanar da makaranta su riƙa tambaya a taro: me aka tanada bana na kayan koyarwa, kuma ina waɗanda aka kawo? Domin wani lokacin kayan suna nan kulle a kabad ana tsoron kada su lalace.

Ita kuwa ɗalibata, ba zan ce muku ta zama ta ɗaya ba. A ƙarshen zangon ta haye rabi a lissafi, karo na farko tun shigarta makaranta, kuma ita ce ke nuna wa 'yan rukuninsu yadda ake kwance dami. Mahaifiyarta ta bar ta ta ci gaba, tana aji huɗu yanzu. Abin da ke damuna shi ne sauran irinta da suka wuce ta hannuna kafin in farga.

AIKIN GIDA

1. Ki ɗaure tsinke goma-goma, ki gwada 61 − 38 da wani yaro a gidanku. Ki saurari bayaninsa kafin ki gyara masa.
2. Ki naɗe takarda ki nuna wa wata 'yar uwa dalilin da ya sa sudusi biyu suke daidai da sulusi ɗaya.
3. Ki zo taro na gaba da murafu 20 wankakku.

Allah Ya sanya albarka a cikin zuri'armu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri.